Ku Tambaya Mu Amsa: Wasan Daren Alhamis da Jikin da Bai Gama Hucewa Ba

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne ga zari-rugar Amurka, wato gasar NFL, wadda samarin Damagaram suka fara raba dare a kanta a fada-fada da gidajen kallo. Masu amsawa su ne waɗanda kuka saba da su a wannan fili, mai horar da ƴan wasa da ma'aikacin lafiya mai kula da raunukan fili. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A fadarmu mun lura kowane mako akwai wasa guda da ake yi tsakar daren Alhamis, wayewar Juma'a, alhali kulob ɗin nan sun buga ranar Lahadi. Me ya hana a kai shi Juma'a ko Asabar, ƴan wasa su ƙara samun numfashi? Daga wani matashi a Sabon Gari, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Doka ce ta rufe Juma'a da Asabar, kuɗi kuma suka buɗe Alhamis.

A 1961 majalisar Amurka ta yi dokar da ta bai wa gasar damar sayar da haƙƙin nuna wasanninta a dunƙule, maimakon kowane kulob ya ci kasuwarsa. Amma da sharaɗi, wanda aka faɗaɗa a 1966: daga Juma'a ta biyu a Satumba zuwa Asabar ta biyu a Disamba, wannan dama ba ta shafi wasan da aka nuna daren Juma'a bayan ƙarfe 6 ko ranar Asabar ba, muddin tashar tana cikin mil 75 daga inda ƴan sakandare ko ƴan jami'a ke buga nasu. Mil 75 kilomita 120 ke nan, kusan nisan Zinder da Tasawa. A Amurka kuwa daren Juma'a na ƴan sakandare ne, Asabar ta ƴan jami'a ce, ko'ina ka juya ana wasa. Shi ya sa wasan Juma'ar da aka yi a Nuwamban 2023 tsakanin Miami Dolphins da New York Jets aka sa shi ƙarfe 3 na rana, kuma wanda aka kai Sao Paulo ta Birazil a 2024 ya faɗo a Juma'ar farko ta Satumba, kafin haramcin ya fara aiki.

Daren Litinin tuni yana da mai shi tun 1970. Talata da Laraba sun fi Alhamis muni, domin wanda ya buga Lahadi ba zai iya ba. Sai Alhamis ta rage. Dama akwai tsohuwar al'ada, Detroit Lions suna bugawa ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, tun 1934, Dallas Cowboys suka bi sahu a 1966. A 2006 aka fara jerin wasannin daren Alhamis da ƴan wasanni kaɗan a ƙarshen kaka, a 2012 aka kai su 13, daga 2022 kuma kamfanin Amazon ya karɓe su a kan kuɗin da ya kai kimanin dala miliyar ɗaya a shekara, abin da ya haura sefa miliyar 500. Kada ka ɗauka masu kulob kaɗai ke cin wannan kuɗi. A yarjejeniyar 2020 ƴan wasa na samun kusan kashi 48 cikin 100 na kuɗin shigar gasar, don haka wanda ke kukan tsamin jiki ranar Alhamis, albashinsa ma da kuɗin Alhamis a ciki.

Batun lokaci, tunda kuna kallo: ana take wasan ƙarfe 8:15 na dare agogon gabashin Amurka, ƙarfe 1:15 ke nan a Nijar. Daga Lahadin farko ta Nuwamba suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, sai ya koma 2:15, a tashi gab da kiran assalatu.

TAMBAYA: Na ji an ce a wasan nan na awa uku, ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Ƴan ƙwallon ƙafa suna gudun minti 90 kuma su sake bugawa bayan kwana uku. To mene ne abin kuka a kwana huɗu? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Mirriya.

AMSA: Malama, lissafin minti 11 ɗin gaskiya ne, amma ba gudu ne ke cin jikin waɗannan mutane ba, karo ne. Kowane ɓangare yana yin taku 60 zuwa 70 na kai hari a wasa guda, wato gajerun yunƙuri na ƴan daƙiƙoƙi da ake yi a tsaya a sake jeruwa, kuma a kowane taku ƙartin layin gaba, masu nauyin kilo 135 zuwa 150, suna haɗa ƙirji da kafaɗa da iyakar ƙarfinsu. Mai rugawa da ƙwallo ana iya kayar da shi sau 20 a dare ɗaya. Ki kwatanta shi da ɗan kokowar da aka maka da ƙasa sau 20 a yini, ba da mai tsere ba.

Abubuwa huɗu ne ke buƙatar gyara bayan wasa, kuma kowanne da nasa agogon. Ruwan jiki shi ne mai sauri, cikin awa 6 zuwa 24 yana komawa idan an sha yadda ya kamata. Ajiyar sukarin da ke cikin tsoka, wadda likitoci ke kira gilaikojin, tana cika cikin awa 24 a lafiyayyar tsoka, amma tsokar da ta sha duka tana jinkirin karɓa, sai ta kai awa 48 zuwa 72. Na uku ƙananan yagewa a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, shi ne tsamin jiki. Wannan ba ya kai ƙololuwa a daren wasa, sai bayan awa 24 zuwa 72, shi ya sa ɗan wasa yakan fi jin jiki ranar Talata fiye da Litinin. Na huɗu shi ne wanda ba ya jin lallashi: targaɗe a idon sawu, jijiyar gwiwa da ta miƙe, haƙarƙarin da ya bugu, taruwar jini a cinya. Ƙaramin targaɗe ma yana son mako ɗaya zuwa biyu.

Yanzu ki ɗora agogon gasar a kai. Wasan da aka take ƙarfe 1 na ranar Lahadi yana ƙarewa wajen 4:15. Daga nan zuwa Lahadi mai zuwa awa 165 ne. Zuwa daren Alhamis kuwa awa 100 ne cif. A awa 100 ɗin, cikin abubuwa huɗun nan na farko da na biyu sun samu isasshen lokaci, na uku yana bakin gaɓa, na huɗu bai ma fara ba.

A makon da ba gaggawa, ga yadda akasarin kulob ke tafiya. Litinin a duba raunuka, a motsa jiki kaɗan, a kalli hoton wasan jiya ana gyara kurakurai. Talata hutu. Laraba ce ranar aiki mai nauyi, ranar da ake sa sulke da hular kwano a yi karo na gaske, ko da yake yarjejeniya ta ƙayyade irin wannan atisaye zuwa sau 14 kacal a duk kakar. Alhamis a koyi dabarun taku na uku cikin huɗun da ake bai wa mai kai hari ya matsa gaba, Juma'a dabarun kusa da layin ci, Asabar a yi bita a hankali a kama hanya.

A gajeren mako duk wannan ana cusa shi cikin kwana uku, kuma abin da ake fara jefarwa shi ne karo. Tun a ɗakin canza kaya ranar Lahadi aikin ke somawa: awo a kan sikeli don a ga ruwan da ya fita, abinci da abin sha nan take, shiga ruwan sanyi, ɗaure gaɓar da ta kumbura. Wasu kulob har kekunan motsa jiki da teburan tausa suke jerawa a wurin. Masu horarwa kuwa ba su jira Lahadi ba, tun makon da ya gabata wasu mataimaka sun riga sun tsara dabarun Alhamis. Litinin babu hutu, babu sulke, sai bitar taku: ƴan wasa da riga da wando kawai, suna tafiya a hankali kowa yana nuna inda zai tsaya da wanda zai tare. Talata haka, wataƙila a ɗan ƙara sauri na rabin awa. Laraba bita ta ƙarshe, baƙi su hau jirgi. Alhamis a wayi gari a otal, a yini ana jira har dare.

Ana rage littafin dabaru sosai, a tsaya kan abin da ƴan wasa suka riga suka haddace. Wannan yana daga cikin dalilan da wasan Alhamis kan zo da kurakurai, mai jefa ƙwallo ya jefa dama, mai karɓa ya yi hagu, domin takun da ba a gwada da gudu ba, a kai kawai yake, bai shiga ƙafa ba. Har rahoton raunuka da doka ta wajabta wa kulob ya fitar, a irin wannan mako kirdado ne: tunda ba a yi atisaye na gaske ba, sai a rubuta cewa da an yi, wane zai yi duka, wane rabi, wane ba zai yi ba.

Game da ƴan ƙwallon ƙafa da kika kawo, su ma ba kyauta suke sha ba. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan wani kulob mai buga gasar zakarun Turai ya nuna cewa gudunsu bai ragu ba a makon wasa biyu, amma raunuka sun ninka kusan sau shida, 25.6 a kan 4.1 cikin kowace awa 1,000 ta wasa da atisaye.

TAMBAYA: Hukumar gasar ta ce alƙalumanta sun nuna ba a fi jin rauni ranar Alhamis ba. Ƴan wasa kuma suna cewa ana kashe su. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou.

AMSA: Ɗan uwa, kowannensu abin da ya faɗa yana da tushe, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Gaskiya ne hukumar ta sha fitar da alƙaluman da ke nuna yawan rauni a wasan Alhamis bai ɗara na Lahadi ba. Amma ka duba wa ake ƙirgawa. Kulob yana da ƴan wasa 53, ranar wasa 48 ne iyakar masu sa kaya. Wanda ya ji targaɗe ranar Lahadi, da zai warware zuwa wata Lahadin, ranar Alhamis ba ya cikin fili sam, don haka ba ya cikin lissafi. An tace masu rauni tun kafin a fara ƙirga. Sannan atisayen karo da aka soke a makon ya rage wani nauyin. Kuma alƙaluma suna kama raunin da ya fitar da mutum daga fili ne, ba sa kama wanda ya buga da allurar kashe zafi, ko tsokar bayan cinya da ta fara tsagewa ranar Alhamis ta ƙarasa bayan mako biyu. Ra'ayinmu shi ne alƙaluman sun isa su nuna Alhamis ba mahallaka ba ce kamar yadda ake zuzutawa, amma ba su isa su wanke ta ba.

Richard Sherman, lokacin yana Seattle Seahawks, ya fito fili a 2016 ya caccaki wasan Alhamis. A Nuwamban 2017, a daren Alhamis, a karawa da Arizona Cardinals, agararsa ta tsinke. Masu suka suna kafa hujja da wannan, ko da yake agarar ta daɗe tana damunsa a kakar. Abin dariya, daga 2022 shi ne ɗaya daga cikin masu sharhin wasan Alhamis ɗin a Amazon.

Inda babu wasa shi ne raunin kai. Ranar Lahadi 25 ga Satumba 2022, mai jefa ƙwallon Miami Dolphins, Tua Tagovailoa, ya bugu da ƙeya a ƙasa a wasa da Buffalo Bills, ya tashi yana tangaɗi. Aka ce ciwon baya ne, ya koma fili. Bayan kwana huɗu, Alhamis 29 ga wata, a gidan Cincinnati Bengals, aka sake maka shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage a gaban fuskarsa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ƙungiyar ƴan wasa ta sallami likitan da ba na kulob ba da ya duba shi ranar Lahadi, kuma a Oktoba aka gyara ƙa'ida: duk wanda aka gani yana tangaɗi bayan bugu, ya gama wasa a ranar, ko me ya ce.

Ƙa'idar komawa fili bayan girgizar ƙwaƙwalwa mataki biyar ce: hutu da ɗan motsi gwargwadon abin da alamu suka bari, sai motsa jiki mai sa haki kamar keke, sai motsin da ya shafi wasan shi kaɗai, sai atisaye da jama'a ba karo, sai cikakken atisaye, kuma dole likitan ƙwaƙwalwa wanda ba ma'aikacin kulob ba ya sa hannu. Ba a ƙayyade kwanaki ba, amma ka lissafa da kanka, mataki biyar a kwana uku, a makon da ba a ma yin atisayen karo. Kusan duk wanda aka tabbatar ya samu girgizar ranar Lahadi ba ya buga Alhamis. Haɗarin yana wurin wanda ya ɓoye, ko wanda alamunsa suka jinkirta zuwa Litinin ko Talata, domin ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, bugu na biyu ko bai kai na farko ba yana iya fin shi ɓarna.

TAMBAYA: Ni direba ne, na san abin da hanyar Yamai ke yi wa jiki. Su waɗannan da ke tafiya garin wasu a gajeren mako, ba a cuce su ba? Wa ke tsara jadawalin ma? Daga tashar mota, unguwar Zango.

AMSA: Sannu da hanya, Alhaji. An ɗan cuce su, domin mai masauki yana da Laraba a gida, baƙo kuwa a jirgi zai yi ta. Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Seattle zuwa Miami ya haura 4,000, da bambancin agogo na awa uku. Zaman jirgi yana ƙara kumburi a gaɓar da ta bugu, shi ya sa suke sa matsattsiyar safa, suna tashi suna zagayawa, suna shan ruwa. Masu tsara jadawali suna ƙoƙarin haɗa maƙwabta a daren Alhamis, sau da yawa ƴan rukuni ɗaya, waɗanda dama sun san dabarun juna.

Wani ƙaramin ofishi ne a hukumar ke aikin, da dubban kwamfutoci da ke fitar da jadawali iri-iri a zaɓa, a sanar a watan Mayu. Kulob 32, wasa 272, kowa wasa 17 cikin mako 18 da hutun mako guda. Wanda ya buga daren Litinin ba a sa shi Alhamis ɗin makon, kuma ana neman ɓangarorin biyu su zo da hutu iri ɗaya. Ladar gajeren mako tana zuwa a bayansa, daga Alhamis zuwa Lahadin gaba kwana 10 ne, kuma ƴan wasa da yawa suna son wannan.

Sai dai kariyar tana zaizayewa. Da can sau ɗaya kulob ke yin gajeren makon Alhamis a kaka, a 2023 aka mayar da shi har sau biyu. A shekarar ce kuma masu kulob, da ƙuri'a 24 a kan 8, suka yarda a riƙa ɗauko wasan Lahadi mai armashi a dawo da shi Alhamis a ƙarshen kaka, da sanarwar kwana 28, wadda aka rage zuwa 21 a 2025. An fara amfani da damar a Disamban 2024, wasan Denver Broncos da Los Angeles Chargers. A watan ne kuma Kirsimeti ta faɗo Laraba, kulob huɗu, Kansas City Chiefs, Pittsburgh Steelers, Baltimore Ravens da Houston Texans, suka buga ranar 15, da 21, da 25, wasa uku cikin kwana 11.

TAMBAYA: Ina koyar da motsa jiki a lakwal, kuma ina riƙe da ekip ɗin unguwa. A gasar hutu ana sa mu buga yau, mu sake jibi. Ba mu da injuna irin na Amurka. Me za mu iya ɗauka daga tsarinsu? Daga Magariya.

AMSA: Mushe, albishirinka, abin da ya fi aiki a tsarinsu ba shi da tsada. Injunan da kake gani a tele ƙari ne kawai. Barci, abinci, ruwa da rage wahala su ne ke ɗauke da kayan.

Ka samu sikeli ɗaya, ka auna kowane yaro kafin wasa da bayansa, da gajeren wando kawai. Duk kilo ɗaya da ya ragu, ya sha lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya sauke kilo 2 zai sha lita 2.5 zuwa 3, a rarrabe cikin awa huɗu zuwa shida, ba a ɗaga kai ɗaya ba, in ba haka ba fitsari zai tafi da shi. Zallar ruwa ba ya zama a jiki sai da gishiri, don haka ka haɗa irin na asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da safe kowa ya duba fitsarinsa, idan ya yi ja kamar shayin farko da saura. A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, ka roƙi masu gasa su kai wasa bayan la'asar sosai.

Abinci kuwa awa huɗun farko ne tsoka ta fi karɓa. Ma'aunin shi ne giram 1 zuwa 1.2 na abinci mai sitaci ko sukari ga kowane kilo na jiki, kowace awa. Yaro mai kilo 70 yana son giram 70 zuwa 84 a awa, wato kamar dafaffiyar shinkafa giram 250, ko dabino 12 zuwa 14. Ka tanadi dabino da hura da nono a bakin fili, domin kuskuren da aka fi yi shi ne a tashi wasa da magariba, a zauna gardamar alƙalin wasa, ba a ci komai ba sai ƙarfe 10. Abincin gina jiki kuma giram 20 zuwa 30 a kowane zama, sau huɗu a yini. Ƙwai uku suna ba da kusan 18, rabin litar nono kusan 16, dafaffen nama giram 100 ya haura 25. Wake da shinkafa, awara, ƙuli-ƙuli a kan kwaɗon zogale, duk suna cike gurbi idan aljihu bai kai nama ba.

Barci awa takwas zuwa goma, da ƙailula ta minti 30 bayan azahar. A nan za ka yi faɗa da fada. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka wanda ya sha na ɗaya da na biyu da na uku bayan isha'i ya sayar da rabin darensa. A kwanakin gasa, shayi ya tsaya daga la'asar.

Ranar da ke tsakanin wasa biyu, ka yi abin da Amurkawa ke yi, ka soke wahala. Minti 15 zuwa 20 na sassarfa ko keke, miƙe gaɓoɓi a hankali, sai bitar tsayuwa da bugun kusurwa ana tafiya. Masu horarwa da yawa idan an ci su sai su hukunta yara da zagayen fili washegari, wannan ita ce hanya mafi sauri ta tsage tsokar bayan cinya. Kuma ka juya ƴan wasa, wanda ya yi minti 90 yau, jibi ya yi 60 ko ya shigo daga baya.

Ruwan sanyi yana rage tsami. Rabin duro, ruwa zuwa ƙugu, a jefa ƙanƙara har ya sauka digiri 10 zuwa 15, a zauna minti 10 zuwa 15. A kwanakin gasa kawai za a yi, domin yin sa kullum bayan ɗaga ƙarfe yana rage ginuwar tsoka. Sabon targaɗe kuma ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a murza shi da ƙarfi a kwana biyu zuwa uku na farko, hakan ƙara zubar jini yake yi a ciki. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Idan yaro ya kasa taku huɗu a kanta, ko ƙashin idon sawun da kansa ke zafi in an taɓa, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a kai wa mai ɗori.

Wanda ya bugu a kai ya yi jiri, ko tangaɗi, ko ya kasa faɗin ci nawa ake, ya fita kuma ba ya komawa a ranar, ba ya buga jibi. Hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sannan mataki-mataki, kowane mataki aƙalla awa 24, mako guda ke nan mafi ƙaranci ga babba, yara kuwa sun fi haka. Kada ya tuƙa babur zuwa gida, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, farfaɗiya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

TAMBAYA: Ɗana yana ƙwallo, na ga ƙwayoyi a aljihunsa. Ya ce ai manyan ƴan wasan Amurka ma da allura suke bugawa. Haka ne? Daga wani uba a Garin Malam.

AMSA: Baba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma rabinta ya faɗa maka. Allurar Toradol ta yi tashe a gasar shekaru da yawa, har ƴan wasa na yin layi kafin wasa, kuma tsofaffin ƴan wasa sun kai ƙara kotu a kan yadda aka riƙa ɗura masu magungunan kashe zafi. Maganin ba a yarda a sha shi fiye da kwana biyar a jere ba, domin yana cin ciki, yana hana jini daskarewa da wuri, yana wahalar da ƙoda. Danginsa da ake sayarwa a teburan bakin kasuwa, diclofenac da ibuprofen, hanyarsu ɗaya. Yaron da ya sha su kafin wasa, ya yi gumin lita biyu a rana, ya haɗa wa ƙodarsa wuta biyu. Idan kuma ya bugu a kai, suna iya ƙara zubar jini a ciki, shi ya sa a kwana biyun farko paracetamol kaɗai ake bayarwa.

Ka karanta abin da ke rubuce a jikin takardar. Idan tramol ne, maganar ta wuce ta wasa. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Idan ya daɗe yana sha kada a yanke masa rana ɗaya, a kai shi wurin likita a tsara masa ragewa. Ka tambaye shi kuma ina ne ke masa ciwon da yake dannewa, a duba gaɓar a rana ɗaya da batun ƙwayar.